Harshen Hausa da Limancin Kirista a Wuraren Aiki: Waiwaye a Kan Inugu, Fatakwal da Anaca

1.0 Gabatarwa

Manazarta sun yi rubuce-rubuce da dama a kan zangunan Hausawa da ke kudancin Nijeriya, amma galibin ayyukan sun karkata ne ga fatauci da sarautar Sarkin Hausawa da masallaci. Akwai wani rukunin mazauna waɗannan wurare da ba a cika waiwayarsa ba, wato Kiristocin Arewa masu magana da Hausa, waɗanda aikin soja ko na 'yan sanda ko na reluwe ko ƙwadago ya kai su ƙasar Ibo da bakin teku. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda ikilisiyoyi suka yi ƙoƙarin kai hidimar addini wuraren aiki a Inugu da Fatakwal da Anaca, tare da ɗaukar unguwar Obiagu ta Inugu a matsayin madubi. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, tallafin da ya fi amfani da ikilisiya ta taɓa bai wa limamin wurin aiki shi ne ta tura shi da harshen ma'aikatan, sannan ta tsaya masa ta yadda ba zai zama bakin mai aikin ba. Inda aka sami waɗannan abubuwa biyu hidimar ta kafu, inda kuwa aka rasa ɗaya ta yi rauni.

2.0 Ma'anar Limancin Wurin Aiki

Da limancin wurin aiki ana nufin hidimar malamin addini wanda aka keɓe domin mutanen wata ma'aikata, kamar bariki ko asibiti ko kurkuku ko masana'anta ko tashar jiragen ruwa. Bambancinsa da faston majami'a shi ne, shi ne yake bin mutane inda suke neman abinci, kuma jama'arsa aiki ne ya tara su, ba ɗariƙa ko unguwa ba. Sunan da Turawa suke kiran mai wannan aiki da shi ya samo asali ne daga alkyabbar Waliyyi Martin na Tours, wani sojan Rum na ƙarni na huɗu da aka ce ya raba alkyabbarsa biyu ya bai wa wani mabaraci rabi. Sarakunan Faransa na dā sukan tafi yaƙi da ragowar alkyabbar, kuma daga sunanta na Latin aka ciro sunan limaman da suke tsaron ta. Ke nan tun asali kalmar tana da alaƙa da sansanin mayaƙa.

Hausa ba ta tsayar da kalma ɗaya ba ga wannan muƙami. Ana jin fada idan na ɗariƙar Katolika ne, ana jin fasto ko faston bariki ga sauran ɗariƙu, kafafen watsa labarai kuwa sukan ce limamin Kirista. Sai dai manufar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, ayari yakan tafi da madugu da jagaba da uban dawaki, sannan da malamin ayari wanda yake jan salla, ya duba ranar tashi, ya rubuta wasiƙa, ya yi wa wanda ya rasu a hanya sutura. Paul Lovejoy ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro. Da fatake suka zauna suka kafa zanguna a Kudu, sai malamin ayari ya koma limamin zango. Wannan ya sa Bahaushe Musulmi da ya sauka a Obiagu ko bakin gadar Anaca yakan tarar da masauki da limami suna jiransa. Kirista ɗan Arewa kuwa bai gaji irin wannan tsari ba, dole aka ƙirƙira masa.

3.0 Harsunan Mishan a Gabashin Kwara

Abin lura ne cewa aikin rubuta Hausa da boko da aikin mishan a ƙasar Ibo tushensu ɗaya. James Frederick Schön da Samuel Ajayi Crowther sun kasance tare a tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841. Daga nan Schön ya duƙufa a kan Hausa, ya fitar da jerin kalmomi a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, inda ya dogara ƙwarai ga Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. Shi kuwa Crowther, tare da John Christopher Taylor, ya kafa tashar mishan ta C.M.S. a Anaca a 1857. 'Yan mishan na Katolika, ƙarƙashin Fada Joseph Lutz, sun iso Anaca a ƙarshen 1885.

Duk da wannan tushe guda, ayyukan biyu sun rabu. Ikilisiyoyin Gabas sun ginu a kan harshen Ibo da Ingilishi, kuma an buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Ibo a 1913 bisa jagorancin T. J. Dennis. Aikin Hausa kuwa ya koma Arewa, hannun Dokta Walter Miller na Zariya da 'yan mishan na S.I.M., waɗanda suka fara zuwa a 1893, da na S.U.M. da suka sauka a Wase a 1904. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932. Daga wannan lokaci Hausa ta zama harshen sujada da waƙa da makarantar bishara ga ƙabilu masu yawa na Filato da kudancin Zariya da Bauci da Adamawa, irin su Birom da Angas da Bajju da Tangale da Bacama. Saboda haka idan ɗan ɗaya daga cikin waɗannan ƙabilu ya sami kansa a Inugu, yakan faɗa tsakanin gida biyu: majami'ar garin addininsa take yi amma ba ya jin harshenta, unguwar Hausawa kuwa harshensa take yi amma addininta daban.

4.0 Inugu: Garin da Kwal Ya Haifa

An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka fara haƙa a 1915, aka buɗe ramin Iva a 1917. Domin fitar da wannan kwal ne aka kafa Fatakwal a 1913, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa garuruwan biyu a 1916. Da aka kammala gadar Makurɗi a 1932, sai jirgi ya riƙa ratsawa kai tsaye tsakanin Arewa da Gabas, yana ɗauke da shanu da wake da albasa da fatake da leburori. Ta haka zaman 'yan Arewa ya yi ƙarfi a Inugu, a unguwanni irin su Obiagu da kuma wajen kasuwar shanu, har ta kai Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Ikilisiyoyin garin sun bi ma'aikata zuwa matsugunansu, sun gina majami'u da makarantu kusa da sansanin leburorin kwal na Ogbete da gidajen ma'aikatan reluwe. Wannan hidimar unguwa ce, wadda take samun lebura ran Lahadi bayan ya wanke baƙin kwal. Abin da yake faruwa a cikin rami, na albashi da tara da dukan da kaftan-kaftan suke yi, ya rage tsakanin hukumar ma'adinai da ƙungiyar ƙwadago.

Ranar 18 ga Nuwamba 1949 aka ga iyakar wannan tsari. Mahaƙa suna cikin yajin aiki na jan ƙafa, ƙarƙashin ƙungiyarsu wadda Okwudili Ojiyi yake wa sakatare, sai gwamnati ta tura 'yan sanda, waɗanda aka kawo wasunsu daga Arewa, domin kwashe nakiyoyin da ake fasa dutse da su a ramin Iva. Baturen 'yan sanda F. S. Philip ya ba da umarnin harbi, aka kashe mahaƙa 21, aka raunata 51. Kwamitin bincike na Fitzgerald ya ɗora wa Philip laifin mummunan kuskuren hukunci. Ga mai nazarin harshe, abin dubawa a nan shi ne yanayin wurin: Bature mai ba da umarni da Ingilishi, da 'yan sanda waɗanda wasunsu Hausa suke ji, da mahaƙa masu waƙa da Ibo. Wuri ne da yake matuƙar buƙatar mutumin da kowane ɓangare ya saba ganin fuskarsa, ya kuma amince da fassararsa. Irin wannan mutum ba a samar da shi ranar rikici, sai dai a ce ya daɗe yana shiga yana fita tun ana zaman lafiya.

5.0 Gwajin Fatakwal

A daidai wannan zamani ikilisiyoyin Turai suna gwada sabuwar hanya. A 1944 Bishop Leslie Hunter na Sheffield ya naɗa Ted Wickham ya riƙa shiga masana'antun ƙarfe, da izinin masu masana'anta da na ƙungiyoyin ƙwadago, yana tattaunawa da ma'aikata a lokacin hutun cin abinci. A Faransa kuwa wasu limaman Katolika sun ɗauki aikin lebura da kansu tun daga shekarun yaƙin duniya na biyu, har sai da fadar Paparoma ta dakatar da tsarin a 1954, saboda ganin wasunsu sun yi nisa cikin siyasar ƙungiyoyin ƙwadago, kafin a sake ba da izini a 1965. Tun kafin haka akwai hidimar ma'aikatan jiragen ruwa, wadda Angilika suka kafa wa ƙungiya a 1856, Katolika kuma suka kafa tasu a Glasgow a 1920.

Fatakwal ce ta fi dacewa da irin wannan gwaji a Gabas. An sami man fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, aka buɗe unguwar masana'antu ta Trans-Amadi, sannan matatar mai ta Alesa-Eleme ta fara aiki a 1965. Garin ya cika da baƙi masu neman aiki daga kowane sashe na ƙasar. A cikin wannan yanayi aka kafa hidimar ikilisiya ta musamman domin masana'antu da jin daɗin jama'a, wadda Rabaran Michael Mann ya jagoranta a lokacin da yake limamin majami'ar Christ Church tsakanin 1962 da 1967. Mann ya taɓa zama jami'in mulki a Nijeriya kafin ya shiga aikin ikilisiya, daga baya kuma ya zama shugaban limaman fadar Windsor a Ingila. Muhimmancin gwajin shi ne ya nuna cewa masana'anta ba ta da ɗariƙa: manaja ba zai buɗe ƙofa ga fastoci goma masu gasa da juna ba, amma yana iya buɗe ta ga mutum ɗaya da ikilisiyoyi suka tsayar. Rauninsa kuwa shi ne ya dogara ga Turawa da Ingilishi, alhali lebura ɗan Arewa da yake sauke kaya a tashar jiragen ruwa Hausa ko buroka yake ji. Yaƙin basasa da ya ɓarke a Yulin 1967 ya katse wannan zango na aikin.

6.0 Bariki: Inda Hausa Ta Sami Bagade

Wurin aikin da limanci ya fi kafuwa a cikinsa, kuma inda Hausa ta fi yin tasiri, shi ne bariki. Tun daga rundunar da John Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka sani da Hausawan Gulba, zuwa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma da Lugard ya tsara daga 1897, Hausa ce harshen da hafsoshi suke magana da kurata da shi, har ana jarraba Turawan soja a kanta. Daga nan ne aka sami karin da ake kira barikanci, mai sauƙaƙan nahawu, wanda ba ya kula da bambancin jinsi. Ingilishi ya karɓe matsayin harshen umarni tun wajejen yaƙin duniya na biyu, amma Hausa ta ci gaba da zama harshen layin gidajen soja da kasuwar mami.

Da Kiristanci ya yaɗu a tsakiyar Nijeriya, inda ake ɗibar kurata da yawa, sai yawan sojoji Kirista masu jin Hausa ya ƙaru. Rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya ta tsara hidimar addini kashi uku: ta Musulunci, da ta Katolika, da ta sauran ɗariƙun Kirista. Limamin kowane kashi hafsa ne mai ɗaukar albashin gwamnati, amma ikilisiyarsa ce take naɗa shi, ita ce kuma take shaidar cancantarsa. Monsinyo Pedro Martins na Legas yana cikin 'yan Nijeriya na farko da suka yi fice a wannan aiki ta ɓangaren Katolika. A majami'un bariki ne Angilika da ɗan E.C.W.A. da ɗan C.O.C.I.N. suke zama a benci ɗaya, abin da ba a cika gani a gari ba, kuma littafin waƙoƙi na Hausa da ƙungiyar Zumuntar Mata su ne suka zama igiyar da ta ɗaure su.

Tarihin wannan hidima a Gabas bai rabu da tarihin ƙasar ba. Bayan juyin mulkin Yulin 1966, Laftanar Kanar David Ogunewe ya yi nasarar hana zubar da jini a bataliyar Inugu, kuma a watan Agusta aka kwashe sojojin Arewa daga garin a jirgin ƙasa. Kashe-kashen da aka yi wa 'yan Gabas a Arewa a wannan shekara, da ramuwar da ta biyo baya, sun sa zangunan Hausawa na Gabas suka watse. Sojojin tarayya sun shiga Inugu a Oktoban 1967, da Anaca a Maris na 1968, da Fatakwal a Mayu na 1968. Bayan ƙarewar yaƙin a Janairun 1970, rundunar da ta kumbura ta bar dubban sojoji 'yan Arewa da iyalansu a barikokin Gabas, ciki har da na Abakpa a Inugu, hedikwatar runduna ta 82. A wannan zamani ne sujada da Hausa ta yi ƙarfi a yankin, daga bisani kuma ikilisiyoyi masu tushe a Arewa suka buɗe rassa a garuruwan, wasu da sashen Hausa da na Ingilishi. Sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da ta fito a ƙarshen shekarun 1970 ta ƙara wa wannan hidima ƙarfi, domin ta fi ta 1932 sauƙi ga wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce.

A Fabrairun 2006, lokacin da tarzomar da ta fara a Maiduguri ta haifar da ramuwar gayya a Anaca, 'yan Arewa da yawa sun nemi mafaka a barikin sojan garin, wasu kuma suka tsallaka gada zuwa Asaba. A irin wannan rana harshe da kamanni ake dubawa, don haka Kirista ɗan Arewa yana cikin haɗari ɗaya da maƙwabcinsa Musulmi. Wannan ya nuna cewa limamin da yake jin Hausa, wanda kuma ya san limamin masallaci da Sarkin Hausawa tun kafin fitina, hidimarsa ta wuce iyakar majami'arsa.

7.0 Darussan da Tarihin Ya Bari

Idan aka tattara abubuwan da suka gabata, za a ga hanyoyi huɗu da ikilisiya take tallafa wa limancin wurin aiki. Ta farko ita ce harshe. Makarantun tauhidi na Gabas suna iya koya wa ɗalibansu Hausar hulɗa, ko ikilisiyoyin can su karɓi aron masu bishara daga takwarorinsu na Arewa. A nan masana harshe suna da rawar takawa, domin har yanzu kalmomin wannan fanni a warwatse suke, kuma ana buƙatar nazarin Hausar majami'un bariki da ta zango domin a ga inda ta dace da daidaitacciyar Hausa da inda ta saɓa.

Ta biyu ita ce 'yancin limamin. Wanda mai aiki yake biya yana iya zama mai lallashin ma'aikata su yi shiru, wanda kuma ya rungumi ɓangaren ƙwadago kacokan yana iya rasa izinin shiga, kamar yadda ya faru a Faransa. Tsarin soja ya rage wannan matsala ta hanyar raba iko: gwamnati ta biya, ikilisiya ta naɗa. A ma'aikatu masu zaman kansu kuwa, ya fi dacewa ikilisiyoyi su ɗauki nauyin limamin daga baikonsu.

Ta uku ita ce haɗin kan ɗariƙu. Majalisar Kiristoci ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun wajejen 1930, da Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya da aka kafa a 1976, suna da matsayin da za su iya tsayar da mutum ɗaya da sunan kowa.

Ta huɗu ita ce sanin cewa wurin aiki ya sauya. Haƙar kwal a Inugu ta kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun 1950, da kimanin tan dubu 900 a shekara, sannan ta yi ta raguwa bayan da reluwe ta koma amfani da man dizal, har ramukan Hukumar Kwal ta Nijeriya suka daina aiki. Yawancin 'yan Arewa da suke Obiagu da Anaca da Fatakwal a yau ba su da manaja ko ofis. Masu gadi ne da 'yan dako da direbobi da mahauta da masu gini da masu sayar da kayan gwari. Kungiyoyin 'yan kasuwar Anaca sun saba keɓe lokacin addu'a a cikin kasuwa, amma da Ibo ko Ingilishi ake yi. Maigadi kuwa aikinsa ya hana shi zuwa sujadar Lahadi, domin a ranar ce maigidansa yake fita. Limamin da zai same shi sai ya bi tasha da kara da ƙofar gida, kuma izinin shigarsa yana hannun sarkin tasha da sarkin fawa da Sarkin Hausawa, waɗanda mafi yawansu Musulmi ne. Wannan yana buƙatar mutum mai ladabin zango, wanda ya san cewa ya zo ne domin kula da nasa, ya kuma taimaki duk wanda ya shiga matsala.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun limancin wurin aiki daga ramin kwal na Inugu, zuwa masana'antun Fatakwal, zuwa bariki da kasuwar Anaca. An ga cewa ikilisiyoyin Gabas sun daɗe suna hidima ga ma'aikata a unguwanninsu, kuma gwajin shiga masana'anta ya zo a makare, yaƙi ya katse shi. A bariki ne aka haɗa harshen ma'aikata da naɗin ikilisiya da haɗin kan ɗariƙu, shi ya sa hidimar ta ɗore a can. Aikin da ya rage ga ikilisiyoyi shi ne su fitar da wannan tsari daga bariki zuwa tasha da kasuwa, ga masana harshe kuwa su tattara Hausar waɗannan wurare daga bakin tsofaffin sojoji da masu bishara da matan zumunta tun suna raye.